Auren Mangwaron Rahina

Ni manomi ne a Urafane, hatsi da wake, kuma in dai maganar gyaran itace ce a gona, ban zaci akwai mai koya mini ba. Shekara ashirin ina sassabe. In kututturen kalgo ko na sabara ya yi toho, sai in zaɓi reshen da ya fi ƙarfi da miƙewa in bar shi, in share sauran. Haka duk garinmu ake yi.

Mangwaron da ke bayan ɗakina kuwa na ɗiyata Rahina ne, wadda ke karatun aikin gona a Maraɗi. Da damina ta zo da shi cikin leda, a kan cinyarta tun daga tasha. Ɗan aure ne, wato an yanko reshen mangwaro mai daɗi an haɗa shi da gindin na gida an ɗaure. Ita ta yi auren da hannunta, kuma cikin goma da ta gwada shi kaɗai ya kama. Ranar da za ta koma ta ce, "Baba, ruwa kawai. Kada ka yi masa komai."

Na ce to. Sai dai ni ban iya barin abu ya zauna ba. Ko yara suka makara a rijiya sai na leƙa ƙofa sau biyar.

Da sanyi ya shigo aikin gona ya ƙare, na samu lokacin kallon itacen. Rassa biyu gare shi. Ɗaya ya fito daga ƙasa-ƙasa, kakkaura, yana ta hawa. Ɗayan siriri ne, ya ɗan karkace, da wani kulli a gindinsa naɗe da tsohuwar leda. Na yi kwana uku ina duba su, na ce a raina wannan ramammen ne ke cinye abincin ɗan'uwansa. Wata safiya na ɗauko wuƙa na yanke shi. Kullin ya yi mini tauri, sai na yanke daga samansa, na bar guntu kamar tsawon yatsa.

Ranar kasuwa taubashina Illo ya biyo ta gidan. Mai lambu ne a Tasawa, yakan kawo salati da tumatir. Na ja shi bayan ɗaki don in nuna masa aikina. Ya tsuguna, ya duba, ya cire hula.

"Jatau, wa ya kashe auren nan?"

Matata Ladi ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Auren wa?"

"Na ɗiyarki mana."

"Ɗiyata da ko baiko ba a yi mata ba? Illo, ka fara sha ne da tsufanka?"

"Tambayi mijinki. Shi ya kori amarya."

Ya nuna mini kullin ya ce nan ne wurin auren. Duk abin da ya fito daga samansa shi ne mai daɗin. Ƙaton da na bari daga ƙasan kullin ya fito, ɗan gida ne, 'ya'yansa duk zare da ƙwallo. "Kai ka ɗauka kalgon gonarka ne," in ji shi. "A nan mai ƙarfin shi ne ɓarawon."

Na zauna a kan turmi. Abu ɗaya yarinyar ta roƙe ni.

Illo ya matsa kusa da guntun, yana shafa shi da babban yatsa. Can ya yi dariya. "Ko ɓarnar ma ba ka iya ba, taubashi. Ga idon toho biyu ka bari. Saki ɗaya ne, akwai kome."

Ya miƙo mini wuƙar ya ce in yanke ƙaton da kaina, dab da gindi. Ban taɓa yanke reshe mai kyau haka ba, amma na yanke shi. Muka shafa toka a wurin. Ya ce ruwa bayan kwana biyu-biyu, kada in mai da wurin tabki don tsoro, kuma duk tohon da ya leƙo ƙasa da kullin in tsinke shi da farce.

Kowace Juma'a Rahina na kira. "Baba, yaya mangwarona?"

"Yana nan," nake cewa. Ladi ta harare ni ta ci gaba da tankaɗe.

Safe da yamma ina tsugune gaban guntun itace. Maƙwabcinmu Ƙadri ya leƙo ta kan darni ya tambaya ko wani abu na binne a wurin. Mako uku ba labari. A rana ta ashirin da huɗu, bayan na dawo daga masallaci da safe, na ga wani abu ja kamar kunnen ɓera a jikin guntun. Kwana biyar bayan nan ɗayan idon ma ya buɗe.

Ban jira Juma'a ba. Na kira ta na faɗa mata komai, har da maganar Illo. Da na gama sai ta jefo mini tambaya.

"Tohon, sama da kullin yake ko ƙasa?"

"Sama. Biyu ne. Na auna da yatsa."

Sai na ji ta saki numfashi, ta fara dariya. "Baba, ai na ce ruwa kawai."

"Kin faɗa."

"To yanzu ka kafa masa sanda, ka ɗaure da tsumma, ba da ƙarfi ba. Kuma ka bar su duka biyun."

"A sassabe ɗaya ake bari."

"Baba!"

Na kafa sandar da yammar nan. Ganyen sun fara komawa kore, ɗaya ya karkata gabas, ɗaya yamma. Na gabas ɗin ya fi ƙarfi, na lura, amma wuƙar tana hannun Ladi, ta ce sai Rahina ta zo hutu.