Ciyawar da Jaibun Ta Cire

Shekara uku ke nan da kamfanin kwal ya daina zuba baƙar ƙasa a bayan ƙauyen Kusmatand. Tudun da ƙasar ta yi, suka shimfiɗa masa jar ƙasa da taki, suka kewaye shi da waya. Aka yi wa mutanen gari alkawari, ranar da tsiro ya kai iri ashirin a wurin za a buɗe musu su yi kiwo. Kafin nan awakinsu sai bakin titi, inda manyan motoci ke banke su.

Jaibun aka ɗauka gadi, don gidanta ne mafi kusa. Aikin ba wuya. Ta hana dabba shiga, kuma kada kowa ya taɓa wasu filaye huɗu da aka ja wa igiya. Ta ji "kada kowa" sarai. Ba ta dai taɓa zaton har da ita ba.

Aka ce ranar Talata Malama Suchitra mai ƙirgar tsiro za ta zo daga birnin Dhanbad. Jaibun na idar da sallar asuba ta hau tudu, ta ga filayen sun cika da ciyawa har gwiwa. Kunya ta kama ta. Ita da ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta, baƙuwa ta zo ta tarar da wannan ƙazanta? Ta yi bismilla, ta ɗaure gyale a ƙugu. Kafin hantsi wurin ya yi fes, har da shara.

Malama ta iso da littafinta, ta tsaya tana duban filayen.

"Inna, ina ciyawar?"

"Na raba ki da ita, 'yar nan. Ba sai kin gode ba."

"Inna, ita fa na zo ƙirgawa."

Jaibun ta dafe ƙirji ta yi salati. Shekara hamsin a duniya, 'ya'ya shida, ashe wayonta bai kai na akuya ba. Akuya ko ba komai ta san darajar ciyawa.

"To ki ƙirga can gefe mana, ba ga ta nan birjik ba?"

"Waɗannan huɗun nake bi tun farko. Su kaɗai aka sani a ofis."

Sai suka nufi gidan Jaibun, inda ta kai ciyawar. Rabi na gaban awaki, tafasa da zaƙi-banza kuwa tuni suna cikin tukunya. Malama ta tsuguna a turke tana ware ganye ɗaya-ɗaya, tana ture bakin akuya. Budhni, maƙwabciyar Jaibun, ta leƙo ta katanga.

"Yaya Jaibun, yau kuma likitan awaki kika ɗauko?"

"Koma kan gurasarki, ina jin ƙauri."

Har murfin tukunya aka buɗe aka duba. Iri goma sha bakwai.

"Wallahi akwai wata mai jan fure," in ji Jaibun, "da wata mai ƙaiƙayi. Ga hannuna shaida, dubi yadda ya kumbura."

"Na yarda, Inna. Amma abin da ban gani ba, ba na rubutawa."

Jaibun ta haƙura. Ita ma da duka take raba 'ya'yanta da ƙarya.

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai bayan wata daminar."

Ta zuba wa baƙuwa shinkafa da miyar ganyen, Malama ta ci har ta nemi ƙari. Motarta na tashi Jaibun ta ja gyale ta nufi bakin famfo da sauri, kada Budhni ta riga ta kai labari. Mata sun fi goma a layi.

"Ku sauke tulunanku ku ji. Ba za a buɗe tudu bana ba, kuma ni na jawo. Ku zage ni sau ɗaya a gama, ina da wanki."

Sai ga Budhni ta iso tana haki.

"Zagi ai ba ya cika cikin akuya, Yaya. Tun da hannunki ya iya cirar ciyawa haka, gobe ki fara ciro wa awakina."