Kujeru Bakwai

Ƙarfe biyu na rana, ranar Kirsimeti, Mama ta tsaya a tsakiyar kicin ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.

Kaji biyu suna cikin tanderu suna gasa kansu da kansu, dankalin da ta fere tun jiya yana gefensu yana yin ja. Shinkafa tana cikin kula tun kafin a tafi coci. Kabeji da karas suna firji a rufe. Babu tukunyar da ke kiranta. Hasken rana ya ratso labulen taga ya kwanta a kan tururin da ke tashi a hankali, kicin ɗin ya koma kamar ɗakin da ake gani a mafarki: komai yana inda yake, amma babu abin da ke da nauyi. Shekara talatin da shida tana girkin wannan rana, ba ta taɓa jin bugun agogon falo daga nan ba sai yau.

Bara war haka tana kwance a gadon asibiti. Abinci kala tara ta ɗora, a tsaye tun kafin gari ya waye, har aka tsince ta a gindin famfo da ludayi a hannu. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce jikin ya gaji da roƙonta ta huta. 'Yarta ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, ta yanke hukunci tun a barandar asibitin cewa daga yanzu a gidanta za a riƙa taruwa, can bene hawa na huɗu, inda ake hango rufin gidaje ta taga. Mama ba ta yi musu ba. Shiru ta yi na mako guda, irin shirun da ke hana mutanen gida sakewa, har Nas ta gaji ta zo ta zauna a bakin gadonta.

"To, Mama, na ji. Amma da sharaɗi. Abinci kala uku, ba tara ba. Kuma da zarar Baba ya yi addu'a an ce amin, kina zaune har a kwashe faranti. In kika miƙe, ko gishiri za ki ɗauko, baɗi a gidana za a yi, da baɗin baɗaɗa."

Mama ta ce ta yarda. Ba gidan Nas ɗin take ƙi ba. Sai dai a wannan falon ne yaranta suka koyi riƙe cokali, kuma ta san duk ranar da Kirsimeti ta fita ta ƙofar nan, ba za ta sake gane hanyar dawowa ba.

Nas ta rubuta mata tsari a takarda ta manna a ƙofar firji, Mama kuwa ta bi shi kamar ƙa'idar shan magani. Cefane kwana uku kafin ranar. Yanke-yanke kashegari, a zaune, da rediyo a kunne. Jiƙa kaji a kayan ƙamshi jiya da yamma. Kek a bar wa matar ɗanta na tsakiya, lemo a bar wa Auta, ko da kuwa zai manta da ƙanƙara. Abin ya ba ta mamaki yadda aiki ke zubar da haƙoransa in aka raba shi kwana uku. Har gyangyaɗi ta yi jiya da rana, wuƙa a cinya, ta yi mafarkin albasa tana yanka kanta.

Abin da ba ya cikin takardar, shi ta fi ba wa lokaci. Da safe ta zagaya teburin tana tuno kowa da abin da yakan nema a tsakiyar ci. Auta zai ce ina barkono, ta ajiye masa a gabansa. Mijin Nas ba ya haɗiye loma biyu sai da ruwan sanyi, ta ajiye masa jug nasa shi kaɗai. Jikarta, 'yar Nas mai shekara shida, za ta ɓarar da wani abu, wannan babu tantama, ta naɗe tsumma ta ajiye kusa da farantinta. Gishiri a kai biyu na teburin. Ludayi a kowace kula. Ta toshe duk wata kafar da za ta iya tayar da ita. Sannan ta jera faranti, ɗaya a gaban kowace kujera, yadda hannunta ya saba, ba tare da ta tsaya ƙirgawa ba.

Teburin da kujerun duk aikin maigidanta ne. Unguwa ta san shi da Kafinta, ko da yake shekara biyu ke nan da ya rufe shago, tun da hannunsa ya fara rawa a kan zarto. Mutum ne mai tsadar magana. A kwanakin nan uku ya yi ta shawagi a bakin kicin, hannu a baya, yana tambaya ko akwai abin da zai kama. Ta ce masa babban taimakon da zai yi shi ne ya matsa daga haske.

Wajen ƙarfe uku gidan ya cika. Auta ne ya fara shigowa, rungume da kwalin lemo, ya ja ya tsaya yana kallonta daga ɗankwali har takalmi. Ya tambayi Kafinta ina aka kai mahaifiyarsa, wace ce kuma wannan baƙuwar mai 'yan kunne da ba ta warin albasa. Mama ta ce in bai kiyaye ta ba baƙuwar za ta nuna masa ta san inda ludayi yake. Matar ɗanta ta ajiye kek tana ba da haƙuri wai ya ɗan zauna ta gefe guda. Nas ta kama wuyan hannun Mama, kamar mai gaisuwa, idonta a kan agogonta. Ta leƙa kicin, ta ƙirga kuloli, ta ga uku ne, ta gyaɗa kai.

Suka tsaya kowa a bayan kujerarsa. Mama ta tsaya inda ƙafarta ta saba kai ta, a kusurwar da ke kusa da ƙofar kicin. Kafinta ya yi addu'a gajeriya kamar kullum: ya gode wa Ubangiji saboda haihuwar Mai Ceto, saboda waɗanda suka zo lafiya, saboda wadda aka mayar musu da ita bara. Ya yi gyaran murya ya rufe. Aka ce amin. Ƙafafun kujeru suka ja ƙasa gaba ɗaya, kowa ya zauna.

Mama tana tsaye.

Ta duba dama, ta duba hagu. Ta bi teburin da ido a hankali, kamar mai neman allura a kan shimfiɗa. Kafinta, Nas, mijinta, yarinyar, na tsakiya, matarsa, Auta. Kawuna bakwai, kujeru bakwai, faranti bakwai. Nas ta riga ta buɗe baki za ta tuna mata sharaɗi, sai ita ma ta bi teburin da ido, ta ga babu kujerar da ta rage.

Yarinyar ce ta faɗa, hankalinta kwance, tana jan kular shinkafa. "Ai Kaka ba ta da kujera. Ita a kicin take ci."

Mama ta ji kamar falon ya ɗaga ya fara yawo da ita cikin shekaru. Ta ga ranar da aka shigo da teburin nan yana ƙamshin sabon katako, da kujeru biyu rak, tata da tasa. Ta ga Nas 'yar mitsitsiya, an ɗora ta a kan matashi a kujerar uwarta, Kafinta yana cewa a ba shi mako biyu zai haɗa wata. Ya haɗa, amma kafin fenti ya gama bushewa, na tsakiya ya iya zama, ta koma tasa. Ta huɗu ta zo, Auta ya haye. Daga nan kuma sai surukai, sai jika, kowanne da kujerarsa tana jiransa tun kafin ya iso, kowacce da irin katakonta. Ita kuwa tana tsakanin murhu da tebur, da kwano a hannu, tana cewa, ku ci, ina zuwa. Sau nawa ta faɗi haka? Ba ta taɓa zuwa ba, babu kuma wanda ya taɓa lura, har ita kanta.

Sai wuri ya ruɗe. Mijin Nas ya miƙe har yana ture jug. Na tsakiya da matarsa suka miƙe tare, kowa na cewa ga tasa. Auta ya ce shi dama a ƙasa ya fi jin daɗin ci, wargin bai samu mai dariya ba. Nas ta rufe baki da tafin hannu, idanunta sun kawo ruwa. Mama ta ga abincin da ta kwana uku tana lallaɓawa zai huce a kan idonta, ta ga fuskokin yaranta cike da kunya, kuma babu abin da ta tsana kamar ganin haka. Ƙafarta ta fara ja da baya da kanta. Taku biyu ne zuwa kicin. Kalmomin nan har sun hau kan harshenta.

"Kowa ya koma ya zauna."

Kafinta ne. Bai ɗaga murya ba, amma aka zauna. Ya dafa tebur ya miƙe a hankali, ya ja kujerarsa baya, tsohuwar nan ta farko wadda hannuwanta suka yi santsi, ya tsaya yana riƙe da ita.

"Maman yara, zo. Mako biyu na ce a ba ni. Na ɗan makara."

Ta ce masa ya rufa mata asiri ya zauna, da gwiwarsa mai ciwo. Ya ce gwiwar ta yi zaman shekara talatin da shida, ta ƙoshi. Ta kalli Nas. Nas ta share ido da bayan hannu, ta ce ita dai sharaɗinta yana nan, ba ta janye ba.

Mama ta zagayo ta zauna.

Kujerar ta yi mata faɗi. Katakon ya lotsa daidai jikin wani, yana ɗauke da ɗuminsa. Ta ɗora hannuwanta inda nasa suka goge, ta ɗaga kai, sai ta ga abin da ba ta taɓa sani ba. Daga wannan mazaunin ba a ganin taga, ba a ganin talabijin. Abin da ke gaban mutum sak shi ne ƙofar kicin, da murhu, da ɗan filin nan na gaban famfo inda tayil ya koɗe saboda tsayuwa. Ta tuna sau nawa ta ce wa Kafinta ya juya teburin don a samu hanya, yana cewa a bar shi haka, ya fi daidai.

Yanzu shi ne a cikin ƙofar. Ya shiga neman farantin da zai ci. Ya buɗe durowar tukwane, ya rufe. Ya buɗe ta kofuna. Ya buɗe wadda ake ajiye ashana da kyandir, ya tsaya yana kallon ciki kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Wani murfi ya faɗo ya yi ta juyi a ƙasa. Duk jijiyoyin Mama suka miƙe. Faranti suna sama ta hagu, taku biyar daga inda take, da ido a rufe za ta ɗauko. Ta ji idon Nas a gefen fuskarta. Ta damƙe hannuwan kujerar ta danne kanta a ciki, har murfin ya gama juyinsa ya kwanta.

Auta ya yunƙura zai je, ta girgiza masa kai. Ta miƙa farantin gabanta, ta ce wa matar ɗanta ta zuba mata, cinya take so in ba a riga ta ba. Teburin ya saki numfashi. Cokula suka fara motsi. Yarinyar ta ɓarar da lemo, uwarta ta samu tsumma a daidai inda hannunta ya sauka, ta kalli Mama, ta yi dariya da jiƙaƙƙun idanu. Mama ta kai loma baki. Da zafinta. Ta daɗe tana taunawa, tana mamakin ashe haka girkinta yake kafin ya huce.

Da ta sake ɗaga kai, Kafinta ya samo abin ci. Ba faranti ba ne, ɗan kwanon nan ne mai lanƙwasasshen baki da take ci a ciki a tsaye duk shekarun nan. Ya jingina da jikin ƙofa, tururi na bi ta bayansa cikin hasken yamma, kwanon a hannu ɗaya, ko zuba abinci bai yi ba. Ba fuskarta yake kallo ba. Yana kallon inda kafaɗarta ta tsaya a jikin kujerar, da yadda ƙafafunta ba su gama taɓa ƙasa ba. Yatsunsa masu rawa suna buɗewa suna rufewa a jikin katakon ƙofar, taƙi ɗaya, taƙi biyu, leɓɓansa na motsi.

Na tsakiya ya ce, "Baba, kawo kwanon a zuba maka mana, zai huce."

Kafinta bai ɗauke ido daga awon kujera ta takwas ba.

"Ku ci," ya ce. "Ina zuwa."