Tayil a Ɗakin Inna Hindu

Da hantsi aka fito da gadon Inna Hindu tsakar gida, aka jingine shi jikin rumbu. Ita tana zaune bisa kujerar tsugunno da carbi a hannu, tana kallon ana kwashe kwanukanta. Ni ce maƙwabciyarta, Zubaida. Katanga ɗaya ta raba mu a bayan tashar jirgi ta Ƙaura, kuma a ɗakina aka ce za ta zauna har a gama aiki.

Ɗanta Misbahu ne ya sa aikin. A Kaduna yake zaune. Da ya zo Sallah ya tarar daɓen ɗakinta ya farfashe, tururuwa na fitowa ta tsaga, sai ya ce lallai a sa tayil. Ya yi tambaya, ya duba hotunan aikin mutum uku a waya, ya tsayar da wani Murtala, mutumin Shinkafi, magidanci marar yawan magana. Murtala ya zo da iri biyu, ɗaya mai ƙyalli, ɗaya mai kaushi wanda ba ya shan ruwa. Ya ce mai kaushin ya fi dacewa da tsohuwa saboda santsi. Inna ta shafa kowanne da tafin ƙafa, ta ce duka biyun sanyi gare su. Aka ɗauki mai kaushin.

Kwana huɗu Murtala ya ce aikin zai ci. Ranar farko ya fasa tsohon daɓe, ya kwashe ɓaraguzan, ya koma Shinkafi ɗauko injin yanka. Washegari bai dawo ba. Ya yi waya ya ce motoci sun tsaya, an ga 'yan bindiga a hanya. Kwana uku ɗakin yana buɗe, ƙasa tsirara, kwalayen tayil a jibge bakin ƙofa.

A cikin waɗannan kwanaki Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da tari. Na dama mata fura ta kurɓa sau biyu ta ture. Mijina Malam Tambari ya kira ma'aikacin asibiti ya sa mata ruwa. Da mutumin zai fita ya ja Malam gefe, ya ce a sanar da ɗanta.

Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da take tambaya kullum shi ne ko mai aikin ya zo. Da ya dawo ranar Laraba, takan yi shiru tana sauraren ƙarar injin ta bayan katanga, in ya tsaya ta ce in leƙa in ga inda aka kai.

Ranar Alhamis bayan azahar ta kama hannuna.

"Zubaida, ki maishe ni ɗakina."

Na ce mata ba a gama ba, siminti ɗanye ne, ta bari sai jibi.

"Ɗakin ga naki ne, ɗiyata. Kin yi mini komi. Amma can aka kawo ni daga Zurmi, can mai gidana ya cika. Ki maishe ni."

Na kira Misbahu. Yana cikin mota, sun wuce Funtuwa. Ya ce a yi mata abin da take so.

Na sa hijabi na zagaya. Murtala yana durƙushe, ya shimfiɗa fiye da rabi tun safe, daga ƙurya yana jawowa wajen ƙofa. Na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ce in aka taka yanzu duk za su goce, aikin yini zai lalace, kuma ragowar tayil ɗin a ƙirge suke. Ya ce a ba shi zuwa gobe da rana.

Na ce, "Malam Murtala, ba na jin za ta kai goben."

Ya ajiye gudumar robar da ke hannunsa. Ya ɗan jima yana kallon layin da ya ja da zare. Daga nan ya wanke hannu a bokiti, ya fita. Can sai ga shi da katako huɗu a kafaɗa, ya aro wajen kafinta na bakin titi. Ya jera su bisa tayil ɗin tun daga ƙofa har ƙuryar da gadonta yake a da, ya taka a hankali ya gwada.

Shi da Malam Tambari suka ɗauko ta bisa katifa. Ba ta da nauyi. Ina biye da su da ledar ruwan a sama. Ina jin tayil yana motsi ƙarƙashin katako, Murtala bai ko kalli ƙasa ba. Suka ajiye ta a ƙurya suka fita.

Ɗakin yana warin siminti. Inna ba ta dubi daɓen ba. Sama ta kalla, wajen azara da tabon yoyon da ya shekara a nan.

"Rufin dai nawa ne," ta ce.

Na zauna bisa katako ina riƙe da hannunta, ina maimaita mata kalmar shahada. Ta karɓa sau biyu. Ana kiran la'asar ta cika.

A gidana aka yi mata wanka, saboda nata tsakar gidan cike yake da yashi. Murtala ya bi jana'iza da wandonsa na aiki. Misbahu a maƙabarta ya iske su, an riga an fara mayar da ƙasa.

Kwana uku mata suna zaune bisa tabarmi tsakanin kwalaye suna karɓar gaisuwa. Da aka watse Murtala ya dawo. Ya ɗaga katakon, ya tarar guda tara sun goce, biyu sun tsage. Ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare busasshen simintin, ya sake zaunar da su. Waɗanda suka tsage ya yanka su ya kai bayan ƙofa. Misbahu ya ce masa ba sai ya wahalar da kansa ba, tunda babu mai kwana ciki. Murtala ya ce shi bai saba barin aiki rabi ba.

Ranar Talata da yamma ya cike tsakanin tayil ɗin, ya goge ɗakin da tsumma, ya ɗaure kayansa bayan babur ya tafi tasha.

Na shiga gidan ɗaukar butata da na bari. Na ga takalman Misbahu a bakin ƙofar ɗakin. Yana ciki, zaune a ƙasa babu tabarma, ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu, hularsa bisa cinya. Rana ta shigo ta taga ta kwanta kusa da shi. Na ɗauki butar na fito.