Wanda Ya Gaji Sunan Lombe

Ni dai tun ranar da Ba Siwale ya sayi akwatin gawa na san akwai wata a ƙasa. Mutumin da in tsirkiyar gita ta tsinke sai ya ce a ƙulla ta, shi ne ya iso gidan makoki a Wusakile da buhun garin masara, da gawayi, da busasshen kifi, har da akwati mai hannun ƙarfe. Haba!

Ba Siwale ("Ba" ɗin lakabin girmamawa ne a wurinmu) shi ne furodusanmu. Shi ke buga mana faifai, hannunsa kuma kason shaguna da na rediyo ke faɗawa. Mamacin kuwa Lombe ne, mawaƙinmu, wanda na yi shekaru ina buga wa ganga a gidajen rawa na Kitwe. Kiɗan rok muke yi, gita na kururuwa, mahaƙan tagulla na tsalle. Waƙa ɗaya ce ta ci mana kasuwa, wadda Lombe ke rera wa 'yarsa Mwango don ta yi barci, muka ƙara mata wuta muka sa a faifai. A kan kason waƙar nan suka yi ta sa-in-sa da Ba Siwale har ciwo ya kwantar da Lombe. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Katongo, waƙar nan ta yarinyar ce. Da ita za ta yi makaranta."

Bayan an binne shi na ja matarsa gefe, wadda muke kira Bana Mwango, wato uwar Mwango.

"Bana Mwango, ki yi hankali da mutumin nan. Kin ga yadda ya manne wa kawun mijinki?"

"Kai dai, Ba Katongo, kowa ɓarawo ne a wurinka," in ji ta. "Mutum ya rufa mana asiri. Kai me ka kawo, sandunan ganga?"

Maganar ta yi mini zafi, na haɗiye.

A wurinmu suna ba ya bin mutum kabari. Dangin uwa kan zaɓi wanda zai gaje shi, a ɗaura masa ɗamarar mamacin, ya zama shi: 'ya'yansa, matsayinsa, bakinsa a kowace magana. Kowa ya sa rai ƙanen Lombe za a ba, Musonda, malamin makaranta mai taurin kai, wanda ya sha raka yayansa ofishin Ba Siwale suna ɗaga murya. In Musonda ya gaji sunan, kason yarinya ya tsira.

Kafin ranar zaɓen na ga motar Ba Siwale ta nufi hanyar Samfya, can garin dangin da ke bakin tafki. Da ya dawo na tare shi.

"Shugaba, me ya kai ka bakin tafki? Makaɗa ka je nema cikin kifaye?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ɗan ganga, ka cika baƙin ciki. Gaisuwa na kai."

"To yaushe za mu zauna kan kason Mwango?"

"Da Lombe na yi yarjejeniya, da Lombe zan yi magana."

"Lombe na ƙasa."

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Zai dawo."

Na garzaya na gaya wa Musonda, ya ce ba yadda za a yi kawunsu ya tsallake shi.

Ranar taron tsakar gida ta cika. Kawu ya fito cikin sabuwar kwat, wuyanta na masa yawa. Kusa da shi wani mutum ne da ban taɓa gani ba, Chibesa, ɗan 'yar'uwar mahaifiyar Lombe, mai sayar da kifi. Ban kalli fuskarsa ba, ƙafarsa na kalla. Takalmi ne mai tudun dunduniya, ruwan ƙasa, sabo fil, sak irin na ƙafar Ba Siwale. Sai ɗingishi yake, bai saba ba.

Kawu ya ce Musonda yaro ne mai zafin kai, gida na bukatar mai sanyin hali. Ya ɗauko ɗamarar Lombe.

Na miƙe tsaye. "Ba Kawu, a tambayi mutumin nan wa ya saya masa takalmi!"

"Kai kuma ɗan wa?" in ji kawu. "Cikin wa ka fito a gidan nan? Zauna ko ka fita."

Musonda ya buɗe baki, tsofaffi suka yi masa ca. Aka ɗaura wa Chibesa ɗamara, aka ɗora masa gitar Lombe a cinya, mata suka rangaɗa guɗa. Ba Siwale ne ya fara tasowa, ya rusuna, ya tafa hannu.

"Barka da dawowa, Ba Lombe. Gobe ka leƙo ofis mu kashe tsohuwar rigimar nan."

"Ai babu rigima, shugaba," in ji mai kifi. "Duk yadda ka yi daidai ne."

Bana Mwango ta juyo ta dube ni. Na so in ce na faɗa miki, wallahi sai tausayinta ya kama ni.

Aka kawo Mwango, aka ce ta durƙusa ta gaida babanta. Ta durƙusa. Ta dubi gitar, ya riƙe ta a juye, tsirkiyoyin na kallon cikinsa. Ta miƙa hannu ta gyara masa.

"In kai ne Baba," ta ce, "yi mini waƙata."

Chibesa ya yi murmushi, ya waiwayi Ba Siwale.

"Wace waƙa ce?"