Kotun Baba ta Ranar Juma'a

Tun da aka ƙwace mana fadamarmu ta Dangoma a kotu, Baba ya rantse sai gidanmu ya fitar da lauya. Ƙanena Lukuman aka zaɓa. Baba ya ɗauke masa noman albasa na rani ɗaya, yaron ya zauna wurina a Kalgo yana karatun jarrabawar shiga jami'a. In ya ci, ya karanci shari'a. In ya faɗi, ya koma gona, babu karo na biyu.

Akwai jarrabawar gwaji a wayarsa, amma Baba bai yarda da ita ba. Ya ce waya ba ta san lauya ba. Kowace Juma'a sai ya zo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidana, ya zama alƙali, Lukuman ya tsaya ya kare mana fadamar daga farko. Yaron kuwa akwai baki. Mako guda yake yi yana shirya hujjoji, littattafan Turanci da na adabi suna ajiye a kan taga.

"Madalla!" in ji Baba. "Wanga mako ka ɗara na baya. Da kai munka tafi da ba su ci mu ba."

Na duba wayar, makin gwajinsa yana nan inda yake tun farkon rani. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ba a tambayar fadama a jarrabawar nan."

"Zulai, ke mi kinka sani ga shari'a?"

Lukuman ma hararata ya yi. Bai taɓa jin Baba ya yabe shi ba sai a kan tabarmar nan, kuma na ga ba zai iya rabuwa da wannan daɗin ba.

Sakamako ya fito, ko kusa bai kai makin da ake nema ba. Lukuman ya durƙusa gaban Baba ya faɗa masa. Na zaci Baba zai tuna wanda ya cinye wa yaron lokacinsa. Sai ya dube shi ya ce, "Ashe duk surutun banza kaka yi mani. Fadama ba ka karɓo ba, albasa ba ka dasa ba."



Baba ya sa takalmansa. "Ɗauko kayanka. Akwai kwasar taki gobe."