Farin da Baba Injiniya Ya Zaɓa

"Wancan farin," in ji Baba Injiniya, yana nuni da sandarsa. "Shi za ka ɗaura."

Mai walda ya dubi ƙarafan biyu da ke kan benci, ya dube ni, ya sosa ƙeya. Ni tela ne, shagona na jikin katangar gidan, an kira ni ne kawai in kama musu ɗauka. Abin da na sani game da difaransha bai wuce wanda Baba ya cusa mini a kunne ba: dunƙulen ƙarfe ne da ke zama tsakanin tayoyin baya, ya karɓi juyin inji ya raba musu. Ɗaya baƙi ne, duk tsatsa, an ciro shi daga bayan wata tsohuwar mota. Ɗayan fari ne marar nauyi, daga jikin wata jif.

"Baba, ko mu ƙara dubawa?" in ji mai walda, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun ba a haife ka ba nake kwance giyar mota. Baƙin nan nauyi gare shi, zai danne mini mota. Ɗaura farin."

"To, Baba."

Motar kuwa da hannunsa ya haɗa ta, tun daga ƙashinta. Hoton wata tsohuwar motar tsere ya gani, ja, mai kujera biyu, ba rufi, ya ce shi ma sai ya yi irinta. Tun da ya bar aiki a garejin gwamnati yake fama, yau lanƙwasa bututu, gobe bugun kwano. Mu kuwa 'yan layi mun samu abin tsokana. In ya wuce sai a ce, "Injiniya, yaushe za a kai mu shan iska?" Yakan yi murmushi ya ce, "Ku dai tanadi hular kwano."

Ana nan sai ciwo ya kwantar da shi. Da ya dawo daga asibiti, na rage masa wanduna biyu don sun daina zama a ƙugunsa. Magana ɗaya sai ya maimaita ta. Mama, matarsa, ta gaya mini abin da likita ya ce, wai ciwon ba na tashi ba ne, muka bar shi a tsakaninmu. Shi kuwa burinsa ɗaya: ya fito da motar ta ƙofar gida da kansa, ya kai ƙarshen layi ya dawo, masu dariya su gani da idonsu.

Ranar da aka gama ɗaurawa, da la'asar, layi ya cika. Bakina ne ya tara su, duk wanda ya kawo ɗinki sai na gaya masa. Baba ya fito da farar riga mai guga da safar hannu ta fata. Ni da mai walda muka ɗaga shi muka zaunar a kujera, ba nauyi ko kaɗan. Ya murɗa makulli, inji ya tashi da wani gurnani mai daɗi, har mai shagon lemo, shugaban 'yan tsokana, ya cire hula yana kaɗawa.

Baba ya saka giya ta ɗaya, ya ɗaga wa Mama hannu, ya saki kuloci.

Motar ta yi baya.

Ta daki durom ɗin ruwa ya kife, ta tsinke igiyar shanya, zanen Mama ya faɗo ya rufe masa kai. Layi ya ɓarke da dariya. Ni ma ta kufce mini kafin in kama bakina. Baba ya yaye zanen, ya laluba giya ta biyu, ya sake saki. Ta ƙara ja baya har ta jingina da katanga.

Ya kashe inji. Bai dubi kowa ba, sitiyari kawai yake kallo. Dariyar ta mutu da kanta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

"Ku ɗauke ni," ya ce.

Daga ranar bai sake leƙo tsakar gida ba. Ya sa an saki labulen tagar da ke kallon motar. Masu zuwa dubiya su yi sallama, Mama ta ce yana barci, alhali muna jin tarinsa.

Wata safiya ya aiko a kira mai walda, shi kuma ya ce ba zai iya shiga shi kaɗai ba, na raka shi. Ɗakin na warin man zafi. Baba na kwance, an tokare shi da matashi biyu. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Na tuna," ya ce. "Farin nan na gaban jif ne. In aka juyo da shi baya, juyinsa ma juyawa yake. Ni na koya maka wannan, ko ba ni ba?"

"Kai ne, Baba."

"To ka sani ranar?"

Mai walda ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji nauyinka ne, Baba. Yaya zan ce maka ka manta?"

"Da ka kunyata ni a gaban tela shi kaɗai," in ji Baba, "ai da ya fi mini sauƙi."

Mai walda ya fashe da kuka, ƙaton mutum, yana cewa a yafe masa. Baba ya miƙo hannu ya dafa kansa.

"Tashi, ba komai. Ka ɗaura baƙin. Amma kada a kira kowa."

Baƙin sai da aka wanke shi, aka nemo masa sababbin boris, ƙwallayen ƙarfen da yake juyi a kansu, aka sake yanka mazauninsa. Mai walda ya rufe shagonsa ya tare a gidan, ko abinci a tsaye yake ci. Saura kawai ɗaurin farfela, sandar da ke kai masa juyin inji, Baba ya cika, da hantsi, Mama na ba shi ruwa a cokali. Allah ya jiƙansa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mama ta ce a ƙarasa motar. Ba a kira kowa ba. Na buɗe ƙofar gida, mai walda ya shiga ya tayar da ita, ya saka giya ta ɗaya. Motar ta taho gaba a hankali, sumul, ta haye dakalin ƙofa, hancinta ya leƙo titi.

Nan ya tsayar da ita. Mai shagon lemo, da ke ɗaga akwati a tsallake, ya ajiye shi ƙasa ya tsaya. Mai walda ya kashe inji ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Mama ta zo ta tsaya a gefen kujerar da ba kowa, tana goge ƙurar madubi da bakin mayafinta.