Rediyo Kusa da Keken Ɗinki

Makanikin nan bai taɓa yarda da faci ba. In ka kawo masa mota, ko dai ya canza abin da ya lalace, ko ka ja kayanka ka yi gaba. Da wannan ra'ayin ya raka matarsa asibiti.

Ita tela ce, shago ɗaya suke da wasu mata. Tun haihuwar autansu take fama da tsagewa a dubura, ɗan miki mai yanka kamar reza. Ta rage cin abinci don tsoron banɗaki, a gefen kujera take ɗosanawa ta taka keke. Sai da ya ga jini a zanenta sannan ta faɗa masa.

Likita ya ce hanya biyu ce. Allura tana sassauta naman wurin har mikin ya rufe, amma ciwon kan dawo. Tiyata ta fi warkarwa, sai dai macen da haihuwa ta taɓa yagawa tana iya kasa riƙe iska bayan aikin. Ya tambaye ta ko an taɓa yi mata ɗinki wajen haihuwa.

Ta saci kallon mijin, ta sunkuyar da kai, ta ce a'a. Duk zamansu ba su taɓa irin wannan maganar ido da ido ba.

"Likita, allurar nan ai faci ce," in ji shi. "A yi mata aikin gaske ta huta."

Mikin ya warke sarai. Mijin har cika baki ya yi a gareji.

Sai ta kwaso kekenta daga shago ta dawo da shi ɗaki, wai matan sun cika surutu. Ita da a da in ta fara labari har masu kawo ɗinki sai sun zauna. Ta roƙe shi rediyo, ya sayo, yana tsokanarta wai ta zama 'yar siyasa.

Wata rana da azahar ya dawo ɗaukar sifana. Rediyo na ta kururuwa, tagogi a wangale, ita kuma tana sake alwala, darduma a shimfiɗe, ta yanke salla. Ya rage muryar rediyon. Nan take ya ji abin da rediyon ke rufewa.

Ba ta ɗago ba.

"Baban yara, an yi min ɗinki a haihuwar auta. Ranar kana ƙarƙashin motar wani."

Ya tsaya da sifana a hannu. Can ya miƙa hannu ya mayar mata da muryar rediyon yadda take.